Malam Chollom Mai Ba Fastoci Maki

Duk wanda ya yi sakandare a Gwarzo daga tsakiyar shekarun tamanin zuwa 'yan shekarun baya, in dai ya taɓa riƙe fartanya a gonar makaranta, to ya san Malam Chollom. Shi ne gajeren malamin aikin gonan nan mai sanƙo, mutumin Filato, wanda aka turo garin yana saurayi da akwatin ƙarfe ɗaya da 'yar rediyo, ya ce shekara biyu kacal zai yi ya koma gida. Yau shekara arba'in ke nan, shekara biyun nan ba ta cika ba. Nan ya kawo amaryarsa Hanna, nan suka haifi 'ya'ya uku, nan ya yi ritaya. Hausarsa ta koma ta Kanawa sak, sai ransa ya ɓaci ne za ka ji Jos ta leƙo a harshensa.

Mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Rabin mangwaro mai aure da ke Madadi da Mainika hannunsa ne ya ɗaura, kuma ko shayi bai taɓa yarda an saya masa a kai ba. Aibunsa ɗaya ne, tambaya. Ba ma tambayoyi ba, tambaya ɗaya tak, wadda ya yi shekara talatin yana yawo da ita kamar mai tallan goro.

Majami'arsu 'yar ƙarama ce, ko ranar Kirsimeti da ƙyar take tara mutum saba'in: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan tireda, da manoman ƙauye da ke zuwa a kan keke. Duk Laraba da yamma ana nazarin Littafi Mai Tsarki, ana kuma ajiye gwangwanin madara a bakin ƙofa, don mai jin kunya ya rubuta tambayarsa ya jefa ba tare da suna ba. To, ranar da duk aka kawo sabon fasto, za a tarar da wata takarda a ciki an linke ta gida huɗu. Ba suna, amma da jan biro aka rubuta, kuma mutum ɗaya ne a duk ikkilisiyar yake yawo da jan biro a aljihu.

"Da Adamu bai ci 'ya'yan itacen nan ba, da zai mutu ko ba zai mutu ba?"

Fasto na farko da ya ci karo da ita wani dogo ne mai muryar da ba ta neman lasifika. Ya ce ai wannan ba abin tambaya ba ne, Allah ya halicci Adamu don ya rayu har abada, zunubi ne ya buɗe wa mutuwa ƙofa, Manzo Bulus ma haka ya koyar. Malam Chollom ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

"Fasto, in tun asali ba mai mutuwa ba ne, itacen rai da aka dasa a tsakiyar gonar amfanin me zai yi masa?"

Fasto ya duba agogo, ya ce a miƙe a yi waƙa.

Na biyu ya fi shi dabara. Ya ce Allah ya gaya wa Adamu ranar da ya ci zai mutu, ga shi kuma ya ci, ya ƙara shekara ɗari tara da wani abu yana noma abinsa, ashe ke nan mutuwar ruhu ake nufi, wato rabuwa da Allah. Malam Chollom ya ce madalla, to ke nan jiki dama mai mutuwa ne ko an ci ko ba a ci ba, don me kuma duk jana'iza ake gaya mana zunubi ne ya haƙa kabarin? Wani kuma ya zo da lissafi: kwana ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu yake, Adamu bai cika dubu ba, saboda haka a ranar ya mutu. Lissafin ya burge Malam Chollom har ya yi tafi, amma bai hana shi ƙara wata ba. Shi fa ya tsufa yana koya wa yara haɗa takin gargajiya, ya san ƙasa ba ta kyau sai ganye ya mutu ya ruɓe a cikinta. A gonar da ba abin da ke mutuwa, da me Adamu yake taki?

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma malami malami ne ko a ɗakin sujada. In ya koma gida sai ya ɗauko wani littafin rubutu mai shuɗin bango, ya rubuta sunan fasto a kan shafi, ya rubuta amsarsa, ya ja layi, ya ba shi maki bisa goma. Mai lissafin nan shi ya zo na ɗaya, da maki shida. Na ƙarshe a ajin kuwa Baba Nomau ne, wani mai bishara Bahaushe daga ƙauyen bayan Kabo, wanda ya riƙe majami'ar shekara guda kafin a turo fasto. Shi da ya buɗe takardar, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya, jama'a, ban sani ba." Ya sami ɗaya bisa goma, ɗayan ma don faɗin gaskiya. Labarin littafin bai ɓuya ba, har ta kai in an kawo sabon fasto, 'yan zumuntar mata su kai wa matarsa garin tuwo da man gyaɗa, su kuma ja ta gefe su ce ta gaya wa maigida ya shirya.

Hanna tela ce, keken ɗinkinta na zaure ya yi wa 'yan matan unguwa biyu kayan sallah har su ma sun kawo 'ya'yansu. Ita ba ta taɓa shiga gardamar ba. In ta ga ya zare jan biro sai ta ce, ba tare da ta ɗaga ƙafa daga kan keke ba, "Malam, in an ba ka amsar nan me za ka yi da ita? Miya za ka kaɗa?"

Bana da damina ta ja baya, cikin Hanna ya fara kumburi, abinci ya ƙi zama. Aka je Kano, aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙari ne, kuma irin wanda ake cirewa a zauna lafiya, muddin ba a yi wasa da lokaci ba. Aka sa musu Litinin ranar aikin. Babbar 'yarsu Diana, wadda ke aure a Kaduna, ta ce za ta tare su a asibiti. Maƙwabcinsu Alhaji Haladu ya ce motarsa na nan, kuma shi zai tuƙa da kansa. Matarsa Hajiya Uwaliya ta wanke manyan kulolinta biyu ta kife.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Chollom yana jera takardun asibiti a jaka, Hanna na kishingiɗe a tabarma, sai ta ce, "Malam, ka daina wahalar da kanka. Ba zan je ba."

Ya ɗauka tsoron wuƙa ne, ya gyara zama zai fara darasi a kan allurar barci. Ta katse shi.

"Ni da na tsufa da almakashi a hannu zan ji tsoron wuƙa? Ba shi ba ne. Tun muna yara ake karanta mana cewa sakamakon zunubi mutuwa ne. To nawa sakamakon ne ya iso. In Uba ya ɗauko bulala, gudu zan yi in ɓuya a bayan likita?"

"Haba Maman Diana, wane zunubi? Ke da ko kazar maƙwabta ba ki taɓa jifa ba?"

"Mama," in ji ta.

Shekara ashirin da biyar ke nan. An rubuto daga gida cewa mahaifiyarta ba ta jin daɗi, ita kuwa a lokacin ɗinkin ƙaramar sallah ya yi mata katutu, atamfofin mutane har kan gado. Ta ce bari ta sallami masu kaya, in yara sun sami hutu sai ta tafi. Kafin hutun ya zo, tsohuwa ta cika. Ko gawa ba ta tarar ba, tudun ƙasa aka nuna mata.

"Na zaɓi keken ɗinki na bar uwata," ta ce, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. "Kai ne mai tambayar daga ina mutuwa ta fito. Ni na san inda tawa ta fito."

Malam Chollom, mutumin da ya kashe bakin fastoci bakwai, yau tsoro ya kama shi. Tsoro ne kuma iri biyu. Na farko, matarsa za ta kwanta a tabarmar nan ta mutu da ciwon da ake warkewa. Na biyu kuwa nasa ne shi kaɗai, domin akwai abin da Hanna ba ta sani ba. Bayan wasiƙar farko an sake aiko da wata 'yar takarda ta hannun direban motar dankali, cewa jiki ya tsananta, ta taho. A makaranta aka ba shi, ranar Talata, yana tsakiyar duba takardun jarrabawa ɗari biyu da wani abu. Ya ce a ransa in ya ba ta yau, za ta bar shi da yara uku da girki da takardu, bari ya kai Juma'a. Tsohuwa ta rasu ranar Alhamis. Da labari ya iso ya yayyaga takardar ya tura cikin murhu, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ka ce sai ya faɗa mata a nan take, ko? Ina! Ai mutum ya fi son ya yi tafiyar yini guda neman hujja da ya furta magana ɗaya mai nauyi a tsakar gidansa. Ya kira Fasto Dachung, sabon faston da bai fi wata shida ba, ya zo ya yi addu'a har gumi ya jiƙa masa kwala. Hanna ta ce amin, ta sa aka ba shi zoɓo, ta ce ba za ta je ba. Hajiya Uwaliya ta shigo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce ko a addininsu neman magani ba gudun ƙaddara ba ne. Hanna ta ce ta gode. Diana ta yi kuka a waya har katinta ya ƙare.

Ranar Juma'a Malam Chollom ya ɗauko shuɗin littafinsa ya bi shi shafi shafi. Amsa bakwai, duk ya san inda kowace ta yoye, shi da kansa ya huda su. Babu wadda zai iya kai wa mai ciwo. Sai a shafin Baba Nomau ya tsaya, ya daɗe yana kallon ɗaya bisa goman nan. Ya yi tunanin mutumin da ya iya cewa bai sani ba a gaban jama'a, in ya ce ya san wani abu, to ya san shi.

Asabar da safe ya hau mota zuwa Kabo, daga nan ɗan acaba ya bi da shi ta cikin gonakin dawa. Ya tarar da tsohon a gindin ɗorawa yana ɓarar gyaɗa, ido ya yi rauni amma kunne garau.

"Salama alaikun, Baba."

"Alaika salamu. Muryar wa nake ji kamar ta Malam Chollom? Lale, lale! Ina gajiya? Ina iyali? Yaya mutanen Gwarzo? Yaya muka ji da ƙarshen ruwa?" Sai da suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan tsohon ya karkata kai ya ce, "To Malam, an ƙara mini maki ne aka zo sanar da ni?"

Kunya ta rufe Malam Chollom, ashe har nan labarin ya iso. Ya zauna a kan turmi ya faɗi ciwon Hanna da abin da ta ce game da mahaifiyarta. Zancen takardar direba kuwa ya tsallake shi.

Baba Nomau ya yi ta ɓarar gyaɗarsa, can ya ce, "Tambayarka har yau ban san amsarta ba. Amma tun da ka kunyata ni nake sa jikokina su karanta mini wurin, kuma na lura ku masu ilimi kuna tsayawa a kan itacen, ba ku ƙarasa labarin. Kafin Allah ya fitar da su daga gonar, me ya yi? Ya zauna ya yi musu riguna na fata, ya sa musu da hannunsa. Ka taɓa ganin wanda ya kori mutum don ƙiyayya ya tsaya yi masa ɗinki? Sannan ya tsare hanyar itacen rai. Na daɗe ina ɗauka rowa ce. Yanzu da na tsufa, gwiwa ta ƙi, ido ya ƙi, na binne 'ya'ya biyu, sai na ga tausayi ne. Da an bar mu mu dawwama a haka, da ciwo da baƙin ciki ba ranar ƙarewa, wa zai iya? Iyaka ya sa wa wahala, Malam. Ban ga bulala a wurin ba."

"Amma Baba, fatar nan, ai sai da aka yanka dabba, ke nan mutuwa ta riga..."

"Malam! Amsa ka zo nema ko takarda ka zo dubawa?"



"Ni abin da ya fi ba ni kunya a labarin ma ba cin ba ne," tsohon ya ci gaba, yana ture ɓawo da ƙafa. "Mutum ya yi laifi, an zo ana kiransa, ya shige cikin ganye. Da aka tambaye shi kuma ya nuna matarsa. Namiji guda! Ya bar baiwar Allah da kaya."

Baba Nomau bai san komai ba, hira kawai yake. Amma gumi ya karyo wa Malam Chollom a inuwar ɗorawa, har tsohon ya tambaya ko a kawo masa ruwa.

Ranar Lahadi bayan an taso daga sujada ya jawo kujera gaban tabarmar Hanna, ya yi gyaran murya, ya kawo mata bayanin Baba Nomau daki-daki, har da na ɗaya da na biyu. Ta saurara. Zancen rigunan ya taɓa ta, ta ce gaskiya ne, ita ma ba ta iya ɗinka wa wanda take fushi da shi, layin karkacewa yake. Har ya fara murna. Sai ta ce, "Amma wannan na Adamu ne, Malam. Shi an yi masa riga. Ni uwata ta kira ban je ba."

Motar Alhaji Haladu gobe da safe za ta tsaya a ƙofa. Hujja ta ƙare, fastoci sun ƙare. Malam Chollom ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa, abin da bai taɓa yi a gabanta ba.

"Hanna," ya ce. Rabon da ya kira sunanta tun kafin a haifi Diana. "Kiran da Mama ta yi miki na gaske bai iso gare ki ba. A aljihuna ya kwana."

Ya faɗa mata duka, da direban, da Talatar, da takardun jarrabawa, da murhu. Hausar ma ta fara kuɓuce masa.

"Da na ba ki a ranar, da kin same ta da rai. In bulala ce ake yi a kan wannan, ni ya kamata ta sama. Ga ni kuwa ƙalau, ina tashi da malmala biyu. Ban san daga ina mutuwa ta fito ba, wallahi ban sani ba, shekara talatin surutu kawai nake. Abin da na sani, wannan laifin nawa ne, kuma ba na so ki mutu."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta juya ta fuskanci bango. Ya kawo kunu, ba ta sha ba. Ya yi magana, ba ta amsa ba. Har rana ta faɗi bai sake jin muryarta ba, ya tabbata ya yi biyu babu, ga ciwo bai tafi asibiti ba, ga aure ya tsage.

Litinin da safe Alhaji Haladu ya yi hon. Malam Chollom ya fita yana haɗa kalmomin ban haƙuri a ransa, sai ya ji takun takalmi a bayansa. Hanna ce, ta ɗaura zanen zumunta, jaka a hannu, Hajiya Uwaliya na riƙe da ita.

"Kada ka ɗauka na yafe maka," ta ce, ba ta ko kalle shi ba. "Shekara ashirin da biyar ka bar ni da kayanka a ka. Faɗan da zan yi maka ba na mai ciwo ba ne, sai na warke na sami ƙarfi. Alhaji, ina kwana? Gaba zan zauna."

Aka cusa Malam Chollom a baya tsakanin kuloli da bokiti da filo. Suka kama hanya har suka wuce Kabo. Can, idonta na kan titi, Hanna ta ce, "Takardar da ka ƙona. Me aka rubuta?"

Bai manta ko kalma ɗaya ba. Ƙanenta ne ya rubuta, Mama na gaya masa abin da zai sa.

"An ce, jiki ya tsananta, a gaya wa Hanna ta zo in gan ta. In kuma aikin mutane ya riƙe ta, kada ta sa wa ranta damuwa, na san 'yata, na sa mata albarka."

Hanna ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Kukan da ya fito mata irin na ƙaramar yarinya ne, har Alhaji Haladu ya rage gudu yana neman inda zai tsaya a gefen titi. Ta girgiza kai, ta share ido da bakin gyalen.

"A'a, Alhaji, taka motar," ta ce. "Ƙarfe tara likita ya ce."